Abin Da Ya Sa Littafin Gadon Masara Ya Ninka Na Dawa Sau Uku

Duk manomin da ya taɓa ganin masara da dawa suna ƙanana a kunya ɗaya, ya san ba sai an faɗa masa ba cewa dangi ne. Masanan kimiyya ma sun tabbatar da haka, har sun ƙiyasta cewa kakansu ɗaya ne, kuma sun raba hanya kimanin shekara miliyan 12 da suka wuce. Amma da aka ƙare karanta rubutun gadon kowannensu a 2009, sai aka ga na dawa haruffa miliyan 730 ne, na masara kuwa wajen miliyan 2,300. Watau dai na masara ya ninka na 'yar'uwarta har sau uku.

Wannan rubutu shi ne sinadarin nan da Turawa ke kira DNA. Yana nan a naɗe cikin kowace ƙwayar halitta ta ganye da saiwa da tsaba, kuma da haruffa huɗu kacal aka tsara shi. A cikinsa ake samun umarnin da ke ƙayyade tsawon kara, da launin tsaba, da lokacin fid da kai. Mai karatu zai ɗauka cewa yawan haruffa shi ne yawan umarni. To, ba haka ba ne. Umarnin da ke cikin masara da na dawa duk sun haura 30,000, ba wanda ya tsere wa wani da nisa. Littafin albasa ma ya ninka na ɗan Adam wajen sau biyar, kuma ba wanda ya taɓa cewa albasa ta fi mutum wuyar ƙira. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To, me ya cika sauran shafukan? Maimaici ne. Jimla ɗaya ce za a tarar an juye ta sau dubu, wata ma sau dubu goma ko fiye, an warwatsa ko'ina cikin littafin. A masara, irin wannan maimaici ya kai kashi 85 cikin 100, a dawa wajen kashi 60. Gaskiya ne a can baya littafin kakan masara ya taɓa ninkuwa biyu ɗungurungum, amma yawancin umarnin da suka zama tagwaye a lokacin an zubar da ɗaya daga baya. Abin da ya kumbura masara sosai shi ne maimaicin.

Wadda ta fara gano asalin al'amarin wata shaihiyar malama ce Ba'amurkiya, Barbara McClintock, mai bincike a cibiyar Cold Spring Harbor ta Jihar New York. Tun cikin shekarun 1940 ta duƙufa a kan masarar nan mai dabbare-dabbare, wadda za a ga ɗigon ja ko na shuɗi a jikin tsaba fara. Ta gane cewa akwai waɗansu gutsattsarin rubutu da ba su zama wuri ɗaya. Idan ɗaya ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar umarnin launi, sai launin ya ɗauke. Idan ya sake tashi, sai launin ya komo a ƙwayoyin da suka tsiro daga nan. Ta bayyana wannan a 1950 da 1951, amma yawancin abokan aikinta suka yi biris da ita, domin a lokacin an ɗauka kowane umarni a kafe yake. Sai a 1983, tana da shekara 81, aka ba ta lambar yabo ta Nobel.

'Yan tsallen da ta gano irin masu dashe ne: a cire daga nan a dasa can, saboda haka ba su cika yaɗuwa ainun ba. Akwai wani iri kuma wanda ya fi su ɓarna. Shi wannan ba ya tashi daga inda yake. Sai dai ya sa ƙwayar halittar ta juyi kwafinsa, kwafin ya je ya liƙe a wani shafi, shi ma ya shiga haihuwar nasa. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, kamar ƙudujin da aka bari ya zubar da iri a gona. A 1996 Jeffrey Bennetzen da almajiransa a Jami'ar Purdue suka bincika wani yanki na littafin masara, suka tarar filin da ke tsakanin umarni da umarni cike yake da waɗannan masu juyin kai, wani a cikin wani, wani kuma a cikin wancan, kamar jeren ƙorai.

Yadda aka san shekarunsu abin sha'awa ne ƙwarai. Kowane ɗayansu yana da baki biyu, na farko da na ƙarshe, kuma ranar da ya liƙe a sabon wuri bakunan nan biyu iri ɗaya suke, harafi da harafi. Daga nan sai kuskure ya riƙa shiga kowane baki sannu a hankali, yau nan gobe can, kamar riguna biyu da aka tsamo daga karofi ɗaya kowace tana koɗewa ta hanyarta. Idan an ƙirga bambancin, sai a san daɗewar. Da wannan lissafi aka gane a 1998 cewa mafi yawansu sun shiga littafin masara ne cikin shekara miliyan 3 da suka wuce, kuma su ne suka ninka girmansa. A wajen masanan wannan fanni, shekara miliyan 3 tamkar jiya ce. Haka kuma aka samu ga wata shinkafar daji ta Ostireliya a 2006, inda zuriya uku kawai na masu juyin kai suka haifi kwafi fiye da 90,000 suka ninka littafinta.

Har ila yau akwai maimaici na jere, wanda gajeruwar jimla ke bin 'yar'uwarta ɗaruruwa ko dubbai ba tsinkewa. An fi samunsa a ƙugun kowane ƙunshin rubutu, watau inda ake kama shi a ja idan ƙwaya za ta rabu biyu. Na masara haruffa 156 ne ake ta nanatawa. Abin mamaki shi ne a cikin tsiro ɗaya jimlolin sukan yi kama da juna ƙwarai, amma su sha bamban da na danginsa na kusa, domin idan wani sabon salo ya ɓullo yakan bi jeren ya maye gurbin tsohon.

Shi kuwa tsiro bai naɗe hannu yana kallo ba. Makaminsa na farko dabaibayi ne: yakan liƙa wa mai juyin kai wani ɗan tambari na sinadari wanda ke hana a karanta shi, kuma 'ya'yan tsiron sukan gaji tambarin. Shi ya sa yawancin maimaicin da ke cikin masara a yau a kwance yake, ba ya motsi, ko da yake zafi mai tsanani ko wata wahala kan tayar da waɗansu. Na biyu kuwa yanka ne. Da yake bakunan nan biyu sun yi kama, wani lokaci sukan haɗu, abin da ke tsakaninsu ya yanke ya faɗi, a bar baki guda tilo kamar kufai. Saboda haka girman littafin kowane tsiro ya danganta ne ga wanda ya rinjaya, mai zuba ko mai kwashewa. Wata 'yar ciyawar ruwa mai cin ƙwari, da aka karanta nata a 2013, ta share har ta koma haruffa miliyan 82 kacal, amma umarninta sun kai wajen 28,000. A ɗaya gefen kuma, a 2024 aka auna na wani ɗan tsiro na tsibirin New Caledonia aka sami miliyan 160,000, watau ya ninka na mutum fiye da sau 50.

A 1972 wani masani ɗan asalin Japan, Susumu Ohno, ya yi wa irin wannan rubutu laƙabi da shara, kuma sunan ya bi shi. Lalle mafi yawansa ba a ga amfaninsa ga tsiro ba, kuma masu cewa kowane harafi da aikinsa sun yi gaggawa. Amma a cikin ƙaiƙayin akwai tsaba. Kakan masara wata ciyawa ce ta ƙasar Meziko mai yawan rassa da ƙananan kawuna, wadda aka fara nomawa kimanin shekara 9,000 da suka wuce. A 2011 John Doebley da abokan aikinsa na Jami'ar Wisconsin suka nuna cewa wani ɗan tsalle ne ya sauka a gaban umarnin da ke hana rassa, ya ƙara masa ƙarfi. Manoman farko suka zaɓi irin wannan tsiro ba tare da sun san dalili ba, shi ne asalin kara guda miƙaƙƙe mai babban goyo da ake gani yau daga Funtuwa har Saminaka.

Da dabaibayin ya kwance kuwa, manoma sun ji a jikinsu. Kwakwar manja, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, ta zama babbar dukiyar ƙasar Malesiya. A shekarun 1980 aka shiga yaɗa itatuwa mafi yawan mai ta hanyar tsirar da 'yan yankan jikinsu a ɗakin bincike, da fatan kowane ya fito kamar uwarsa sak. Sai ga shi waɗansu suna fid da 'ya'ya naƙasassu marasa mai sosai, kuma ba a ganewa sai itacen ya shekara da shekaru yana cin taki da fili. An yi ta neman harafin da ya sauya ba a samu ba. Sai a 2015 hukumar binciken manja ta Malesiya, tare da Robert Martienssen na cibiyar nan da McClintock ta yi aiki, suka gano cewa wani tsohon ɗan tsalle ne, wanda suka sa wa suna Karma, yake kwance a tsakiyar umarnin da ke tsara fure. A wajen tsirarwar ne tambarinsa ke gogewa, sai a karanta umarnin a karkace. Tun daga lokacin aka sami hanyar gwada ganyen dashe tun yana cikin leda, a ware mai lahani kafin a haƙa masa rami.