Sayayyar Salla ta salula: ina arahar gaskiya take?

Da zarar watan azumi ya raba tsakiya, ko kuma watan layya ya kama, salular ƴan kasuwa da ta ma'aikatan gwamnati ba ta ƙara samun hutu. Daga Gidan Rumji da Tibiri har zuwa Cadawa, Agye da Gazawa, hotunan shadda, atamfa, leshi, takalman yara da raguna sai kwararowa suke yi ta WhatsApp, Facebook da TikTok, kowane hoto da kirarinsa: an karya farashi, rangwamen Salla, saura kaɗan ya ƙare. Magidancin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ga kuma iyali suna jiran ɗinki, ba abin mamaki ba ne in hankalinsa ya karkata wajen. Abin da ke gabansa shi ne ya gane wanne ne araha cikin wannan tarin talla, wanne ne kuma tarko.

Kasuwa ta shiga aljihu

Ciniki tsakanin ƙasar Maraɗi da Katsina da Kano ya girmi iyakar da Turawa suka shata, kuma a kan wannan hanya Alhazan Maraɗi da yawa suka kafa arzikinsu. Abin da ya sake a yau shi ne mai saye ba sai ya shiga mota ba. Manyan kantunan intanet irin su Jumia, wanda aka kafa a Legas a shekarar 2012, ba su da reshe a Nijar. Saboda haka sayayyar intanet a waɗannan gundumomi tana da nata salo: a ga hoto, a yi tayi da saƙon murya, a aika kuɗi ta Nita, Amana, Al Izza ko Airtel Money, sannan a ɗanƙa kayan hannun direba a tasha. Wasu kayan suna fitowa daga Kantin Kwari na Kano su biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu kuma daga Yamai su biyo babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratsa Gidan Rumji, Cadawa, Agye da Gazawa. Kowane zango na wannan tafiya yana cin kuɗinsa, kuma hoton da ke cikin salula ba ya faɗin ko ɗaya daga cikinsu.

Lissafi kafin murna

Ga misali domin a gane. A ce an tallata turmin atamfa jika 9, alhali irinsa jika 11 ne a babbar kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a. Mai saye zai ga kamar ya ci ribar jika 2. To, a ɗora kuɗin aike dala ɗari, ladar direba jika guda, da ɗan abin da za a ba mai kabu-kabu ya ɗauko kayan daga tasha, tun ba a yi zancen duwan ba. Kafin turmin ya shiga gida ribar ta narke, kuma an yi asarar abin da kasuwa ke bayarwa kyauta, wato taɓawa da hannu da ɗagawa a hasken rana. Farashin da ya cancanci a gwada shi ne na ranar da kaya suka iso ƙofar gida.

Sai batun canji. Dattawan ƴan kasuwa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Naira ma ta ga irin nata: bayan da gwamnatin Najeriya ta sakar mata mara a watan Yuni na 2023, jika guda ta sefa ta haura naira 2.000 a cikin 2024, alhali a farkon 2023 ba ta kai 1.500 ba. Mai sefa ya sami sauƙi, sai dai ba kamar yadda ake zato ba, domin yawancin yaduddukan Kano daga waje ake shigo da su da dalar Amurka, kuma ƴan kasuwar can suna ƙara farashi gwargwadon faɗuwar kuɗinsu. Duk farashin da aka faɗa da naira, sai a tambayi ɗan canji yadda kasuwa ta tashi a ranar biya kafin a ce an sallama.

Awo ma yana da nasa rikici. A Kano da yadi ake auna shadda, a Nijar kuwa galibi da mita. Yadi guda santimita 91 ne da ɗoriya, ke nan yadi 5 bai wuce mita 4 da rabi da ɗan kaɗan ba. Wanda ya ji "biyar" ya yi shiru, wajen tela zai gane cewa babbar rigarsa ta rasa hannu.

Rangwamen ƙarya

Akwai dabarar da ta game duniya: a ɗaga farashi ana saura makonni, sannan in biki ya matso a soke shi a rubuta tsohon farashin a kira shi rangwame. Yawaitar haka a lokutan gwanjo irin su Black Friday, da aka aro daga Amurka, ta sa ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta, tun daga watan Mayu na 2022, cewa mai shelar ragi ya nuna farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar da kayan cikin kwana 30 da suka gabata. Mai saye a Gangara ko Gidan Sori yana iya yi wa kansa wannan doka: tun watan Sha'aban ya rubuta farashin abin da yake so, ya ajiye hoton tallar, in azumi ya yi nisa ya gwada.

Haka nan araha mai yawa ita kanta abin tuhuma ce. Shaddar Getzner a ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, atamfar Vlisco kuma a Holand ake buga ta, kuma kowacce tana da jabu masu ɗauke da tambari mai kama da na asali. In an tallata ɗayansu a kan sulusin kuɗinta, ba asali ba ce. Jabun ma tufa ce, ana iya sayenta, amma da sunanta da kuma kuɗinta. Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.

Lokaci shi ma kuɗi ne. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma sake rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ko ba a rufe iyaka ba, motoci suna cika a goman ƙarshe, teloli kuma suna daina karɓar ɗinki. Yadin da ya iso ranar jajibere ya zama na wata Salla.

Rago a majigi

Babu inda ido ke ruɗuwa kamar wajen ragon layya. In aka ɗauki hoto daga ƙasa, aka tsayar da ƙaramin yaro kusa da shi, ɗan tinkiya sai ya koma balami. Hoto ba ya nuna haƙori, ba ya nuna ɗingishi, ba ya nuna ciwon ido, alhali waɗannan su ne abin dubawa. Mutanen Agye da Gazawa da Gidan Rumji kuwa a tsakiyar masu kiwo suke zaune, kuma a 2025 hukuma ta hana fitar da dabbobi waje gab da layya domin farashi ya sauka a cikin gida. Wanda kasuwar bisashe ke bayan gidansa ba shi da dalilin cinikin biri a sama.

Wa zai tsaya?

A tsohuwar kasuwa dillali yana cin la'adarsa ne domin ya san mai kaya, ya san mai saye, in rigima ta taso shi ake nema. A ciniki ta salula ma tambayar ba ta sake ba: wa zai tsaya wa wannan mai talla? Arahar da ake samu ta gaskiya, wajen mai shagon da aka san mazauninsa ake samunta, wanda wani ɗan gari ya taɓa saye hannunsa, wanda ya yarda ya nuna kayan kai tsaye a majigi yana warware turmin, ya kuma yarda a ba da kafin alƙalami kaɗan a cika sauran in kaya sun iso. Malaman makaranta ko ma'aikatan ofis guda in suka haɗa kuɗi suka sayi bandir a farashin sari, suka raba kuɗin mota, sun fi kowa cin moriya. Mai matsa wa mutum ya biya duka yanzu-yanzu, ko mai neman lambar sirrin asusu, a rabu da shi.

Ɗan kasuwa mai sayarwa shi ma ya kula, domin ana ƙirƙiro hoton takardar biya na ƙarya. Kada kaya su bar shago sai kuɗi sun shiga hannu. Wanda aka cuta kuma ya ajiye saƙonni da takardar aike ya kai wa ƴan sanda ko jandarma, domin dokar ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifuffukan intanet ta tanadi hukuncin zamba irin wannan.

Albashin wata guda da ribar kakar aya ba su da yawan da za a yi caca da su a kan hoto. Sayen nagari, mai da kuɗi gida. Allah ya kai kowa Salla lafiya.