Halin Shugaban Makaranta da Tasirinsa Kan Aikin Malamai

Tun daga shekarar 1999 da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, aka kuma kafa masa doka a shekarar 2004, kowane yaro a Nijeriya yana da haƙƙin yin karatun shekara 9 kyauta, wato shekara 6 a firamare da shekara 3 a ƙaramar sakandare. To amma gina ajujuwa da raba littattafai kaɗai ba sa tabbatar da wannan haƙƙi. Wanda ke tabbatar da shi a kullum shi ne shugaban makaranta, wanda aka fi sani da hedimasta, tare da malamansa.

Malamai suna kallon abin da shugabansu yake yi fiye da abin da yake faɗa. Idan shi ne yake fara sa hannu a littafin zuwa aiki, da wuya malami ya mayar da makara al'ada. Idan kuwa yana barin makaranta ranar kasuwa, ba shi da bakin tsawata wa wanda ya tafi gona a lokacin darasi. Asarar tana komawa kan yara, domin uban da ya ga aji babu malami zai gwammace ya tura ɗansa kiwo, ko 'yarsa talla.

Abu na biyu shi ne adalci. Rabon ajujuwa, ba da izinin fita, da zaɓen waɗanda za su je bita, duka wurare ne da son kai yake ɓata zukata. Malamin da ya ga ana fifita wani saboda dangantaka yakan sassauta ƙwazonsa. Haka kuma gyara a keɓe ya fi tsawa a gaban ɗalibai, domin malamin da aka zubar wa mutunci ba zai iya riƙe aji ba. Hausawa sun ce babba juji ne.

Su ma malamai akwai nasu nauyin: shirya darasi kafin shiga aji, kiran suna kullum, da duba aikin yara a kan lokaci.

Ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi da jami'an sa ido na Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, ziyara ba ta tsaya ga duba takardu ba. Ya kamata a shiga aji, a duba littattafan yara, a saurari malamai. Ga masu unguwanni, limamai da iyaye kuwa, kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC, shi ne hanyarku. Ku halarci zamansa, ku yaba wa shugaban da ya tsaya kan aikinsa, ku kuma kai ƙorafi ofishin sakataren ilimi idan kun ga sakaci ya ƙi ƙarewa.