Sandar Gawayi da Farar Ƙasar Ƙanƙara

Hasken nan mai kashe ido da ke tashi a rumfar mai walda a Faskari ko Sabuwa jikan fitilar lantarki ta farko ne. A farkon ƙarni na 19 Humphry Davy ya haɗa sandunan gawayi biyu da tarin batura a Landan, ya ɗan raba bakinsu, wuta ta tsallake tazarar. Mai sha'awar gwaji a yau yakan zaro baƙar sandar da ke tsakiyar tsohon batirin tocila, ya fiƙe ta, ya maimaita hakan. A ganina, abin da ya fi cancantar nazari a nan shi ne yadda sandar ke cinyewa.

Zafin bakinta yakan haura digiri 3,500, gawayin ya riƙa tashi tururi ba tare da ya narke ba, iska kuma tana cin gefensa. Idan wutar mai bin hanya ɗaya ce, irin ta batir, sanda guda takan ƙare kusan ninki biyu na saurin 'yar'uwarta: bakinta ya yi rami, ɗayar ta yi tsini. Tazara na faɗaɗa, haske ya fara rawa, ya mutu. Wannan ce matsalar da Pavel Yablochkov, ɗan Rasha, ya warware a 1876. Ya jera sandunan kafaɗa da kafaɗa, ya raba su da filasta ko farar ƙasa, irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara, ya ba su wuta mai kai-komo don su cinye daidai wa daida. A 1878 fitilunsa suka haska titunan Paris.

Za a ce maimaita wannan gwaji a yau ɓata lokaci ne, tunda sola da ƙwan LED sun wadata. Gaskiya ne, bai kamata a haska ɗaki da irin wannan fitila ba. Tana fitar da iska mai guba, kuma wanda ya kalle ta ba gilashin walda zai farka tsakar dare ido na zubar ruwa kamar an watsa masa yashi. Dole a yi gwajin a fili, ƙarƙashin idon maigidan walda, kuma kada a kuskura a jona shi kai-tsaye da wutar gida. Amma ƙwan LED a rufe yake, ba ya nuna wa yaro komai. Wanda kuwa ya auna sandarsa kafin kunnawa da bayan kashewa, ya canza kauri ko tazara ya sake aunawa, ya kama hanyar fahimtar dalilin da ya sa rodin walda ke saurin ƙarewa in an ƙara wa inji ƙarfi.