Daga Sandar Giya Zuwa Maɓalli: Yadda Hannun Direba Ke Koyon Sabon Aiki

Duk wanda ya taɓa zama kusa da ƙwararren direba, in dai mai lura ne, zai ga cewa ba ya duban giya. Idonsa yana kan titi, kunnensa yana sauraron kukan inji, hannunsa kuwa yana kai da komo shi kaɗai, daga giya ɗaya zuwa biyu, daga biyu zuwa uku, tamkar mai cin tuwo a duhu wanda lomarsa ba ta ɓata hanyar baki. Haka direbobin Fijo 404 suka saba da sandar da ke maƙale a wuyan sitiyari, haka kuma waɗanda suka zo bayansu suka saba da ta ƙasa. Ko da motoci masu sauya giya da kansu, wato otomatik, suka yawaita, kuloci ne kaɗai ya tafi, sanda ta zauna. To, yanzu ita ma sandar kamfanoni da dama sun tuge ta, sun jera maɓallai a gurbinta, irin waɗanda ake dannawa da yatsa.

Mutane da yawa suna ɗaukar abin sabo ne, alhali tsohon yayi ne ya dawo. Tun a motocin 1956 kamfanin Chrysler na Amurka ya jera maɓallan giya a hagu da sitiyari, inda kowane maɓalli ke jan wata wayar ƙarfe da ke tafiya har akwatin giya. Na farko-farkon ba su da maɓallin fakin, sai dai direba ya dogara da birkin hannu. A 1958 kamfanin Ford ya fito da wata mota mai suna Edsel, wadda aka dasa wa maɓallai masu aiki da lantarki a tsakiyar sitiyari, daidai inda hannu ya saba neman ham. Shekara guda kacal aka yi ana ƙera ta a haka, aka janye dabarar. Shi ma Chrysler ya koma wa sanda a motocin 1965. A wannan zamanin ne kuma aka yi ta ƙorafi kan yadda kowane kamfani ke jera giyoyinsa yadda ya ga dama, har wasu suka ajiye ribas a ƙarshen layi, dab da giyar gaba, ta yadda ɗan zamewar hannu ya isa ya mai da mota baya. Daga 1968 dokar Amurka ta wajabta a sa firi tsakanin ribas da giyar gaba. Jerin P, R, N, D da kowa ya sani ya dace da wannan sharaɗi, shi ya sa ya zama gama-gari.

Abin da ya dawo da maɓalli shi ne kwamfuta. A tsohon tsari akwai ƙarfe ko waya da ke haɗa hannun direba da akwatin giya kai tsaye. A sabon tsari babu wannan haɗi. Direba yana aika saƙo ne kawai, kwamfutar mota ta duba gudu da birki, sa'an nan ta umurci wata ƙaramar na'ura ta sauya giyar. Tunda saƙo ne, ana iya aika shi da kowane irin abu: Jaguar ta zaɓi abin murɗawa, Lincoln ta jera maɓallai kusa da rediyo tun daga motarta MKZ ta 2013, Honda kuma ta shimfiɗa nata tsakanin kujeru. Masu ƙira sun sami fili na ajiye kaya, kwamfuta kuma tana iya ƙin karɓar umurnin ganganci, kamar neman ribas mota tana tsakar gudu.

Amma fa akwai abin da aka yi hasara, kuma shi ne tushen wahalar sabawa. Sandar giya aiki biyu take yi. Tana kai umurni, tana kuma ba da labari. Idan tana can gaba ƙurya, hannu ya san mota tana fakin. Idan ta sauko baya, ya san tafiya za a yi. Ko a cikin duhu, ko direba yana waiwaye, tafin hannunsa yana gaya masa inda aka kwana. Maɓalli kuwa da an danna shi sai ya koma yadda yake, bai bar wata shaida ba sai ɗan haske da harafi a gaban direba. Wato aikin da hannu ya yi shekaru yana yi an ɗora wa ido, idon da dama can titi ya ishe shi. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wajen juya mota a ƙuntataccen lungu, inda sai an yi gaba an yi baya sau uku ko huɗu, ga babur ta nan, ga yara ta can. Mai sanda yana gama wannan bai sunkuya ba ko sau ɗaya. Mai maɓalli, a makonninsa na farko, sai ya cire ido daga titi a kowane juyi, wani lokaci ma ya kai hannu ya damƙi iska a inda sanda take a da. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma a nan turken ya kan riƙe mai wayo ma.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A ƙarshen 2014 Lincoln ta nemi a mayar mata da motocinta samfurin MKC kimanin 13,500, domin maɓallin kashe inji yana ƙarƙashin jerin na giya, wasu direbobi suna danna shi bisa kuskure mota tana tafiya. Sai da aka ɗauke shi aka mai da shi sama. Wanda ya fi wannan muni ya faru ga kamfanin Fiat Chrysler. Nasa ba maɓalli ba ne, wata guntuwar sanda ce mai komawa tsakiya bayan kowace turawa, saboda haka ciwon iri ɗaya ne: hannu ba ya gane giyar da ake ciki. Mutane sun yi ta fita daga mota suna zaton ta shiga fakin, ita kuwa ta gangara. A watan Afrilu na 2016 kamfanin ya nemi a dawo da motoci wajen miliyan 1.1 don gyara. Watanni biyu bayan haka, a birnin Los Angeles, motar ɗan wasan fim Anton Yelchin, Jeep Grand Cherokee, ta gangaro ta matse shi da ginshiƙin ƙofar gidansa, ya mutu yana da shekara 27. Gyaran da aka yi shi ne koya wa kwamfuta ta riƙe motar da kanta idan direba ya buɗe ƙofa bai sa fakin ba.

Kamfanonin da suka yi tunani sun nemi hanyar mayar wa yatsa ɗan abin da hannu ya rasa. A tsarin Honda, alal misali, kowane maɓalli da siffarsa: na tafiya gaba da'ira ne, na ribas kuwa ba a danna shi, jawo shi ake yi baya. Wannan dabara ce mai kyau, domin yatsa na iya bambance su ba tare da taimakon ido ba. Jerin maɓallai masu kama ɗaya kuwa, kome kyawunsu, sun fi dacewa da rediyo.

Da yake irin waɗannan motoci suna shigowa Nijeriya cikin 'yan Kwatano da na Legas, sau da yawa ba tare da littafinsu ba, sabawar ta kan faɗa kan direba shi kaɗai. Wanda ya fi saurin ƙwarewa shi ne wanda ya kai motar fili, ƙafarsa kan birki, ya yi ta zagaya maɓallan har yatsa ya haddace su, ya kuma ɗora wa kansa duban harafin kafin ya saki birki. Birkin hannu ma bai tsufa ba. Abin da ke riƙe mota a fakin ɗan haƙorin ƙarfe ne guda ɗaya cikin akwatin giya, bai kamata a bar masa nauyin mota duka a kan gangare ba.

Akwai kuma ranar da batir zai mutu. A yawancin motoci masu sanda akwai wata 'yar kafa kusa da ita, wadda ake zura makulli a saki giya zuwa firi a tura motar gefe. Mota mai maɓalli idan babu wuta ba ta jin kira, sai ta kafe a fakin, ko majiya ƙarfi goma ne ba za su gusar da ita ba, wanda kuma ya ɗaura mata igiya ya ja da ƙarfi yana iya jawo wa kansa sayen sabon akwatin giya. Wasu suna da ɓoyayyar hanyar saki a ƙarƙashin wani murfi, wasu sai an kawo wani batir an ba su wuta, wasu kuma sai bakanike ya zo da ƙarfe na musamman ya saki giyar daga jikin akwatin.