FASHIN BAƘI: Iskar da ke juya akala duk wata 28, da dalilin da ya sa manhajojin hasashen yanayi suka saɓa a kanta

A saman ikwaita, tsakanin kilomita 16 zuwa 50 daga doron ƙasa, a sashen sararin sama da ake kira sitiratosfiya, akwai iskar da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma na kimanin shekara guda, sannan ta juya ta koma daga yamma zuwa gabas. Zagaye ɗaya yakan ɗauki kimanin wata 28. Masana na kiran wannan juyi da QBO. Kowace sabuwar iska tana farawa daga sama, ta riƙa gangarowa kimanin kilomita ɗaya a wata har ta maye gurbin tsohuwar.

Yadda aka gano ta

Bayan aman dutsen Karakatau na Indunusiya a 1883, an ga ƙurarsa ta zagaye duniya ta nufi yamma. A 1908 kuma, Bajamushe Arthur Berson ya saki balan-balan a gabashin Afirka, ya tarar da iskar na tafiya gabas. Sai a farkon shekarun 1960 Richard Reed a Amurka da Ebdon a Birtaniya suka nuna cewa dukkansu sun yi daidai, iskar ce ke sauyawa. Ana da awon ta tun 1953, kuma tun 1976 tashar Singafo ce madogara.

A 1968 Richard Lindzen da James Holton suka bayyana musabbabin: hadarin yankunan zafi yana tura igiyoyin iska sama, su kuma idan suka karye can sama sai su ja iskar zuwa wani ɓangare.

Inda matsalar take

Manhajar kwaikwayon yanayi tana yanka sararin sama zuwa akwatuna masu faɗin kimanin kilomita 100, ta lissafa abin da ke faruwa a kowanne. Da yawa daga igiyoyin da ke tura QBO sun fi akwatin ƙanƙanta, don haka manhajar ba ta ganin su. Abin da masu ƙira suke yi shi ne su saka ƙiyasin ƙarfinsu da hannu, su yi ta daidaitawa har sai sakamakon ya kusanci wata 28.

An samu ci gaba. A zagayen kwatanta manhajoji na duniya da ake kira CMIP5, biyar ne kawai suka iya samar da QBO. A CMIP6, wanda rahoton kwamitin IPCC na 2021 ya dogara da shi, sun kai kimanin 15.

Sai dai shirin QBOi, wanda aka fara a 2015 domin a ɗora wa manhajoji daban-daban gwaji iri ɗaya, ya fallasa rauninsu. Kusan dukkansu suna nuna iskar da rauni fiye da kima a ƙasan sitiratosfiya, daidai wurin da take haɗuwa da yanayin da ya shafi mutane. Da aka ƙara musu ɗumamar duniya, sun amince cewa ƙarfin iskar zai ragu, amma kan tsawon zagayen kansu ya rabu: wasu suka ce zai gajarce, wasu suka ce zai tsawaita. Manhajar da aka daidaita da hannu domin ta dace da yau ba lalle ta faɗi gaskiyar gobe ba.

Haka kuma, a Fabrairun 2016 iskar ta karya tsarinta a karon farko tun da aka fara awo, ba tare da cibiyoyin hasashe sun hango ba. Hakan ya sake faruwa a lokacin sanyin 2019 zuwa 2020.

Me ya sa ya shafi talaka

QBO tana tasiri kan guguwar sanyi ta saman ƙurewar arewacin duniya, wadda ke da hannu a hunturun Turai, kamar yadda Holton da Tan suka nuna a 1980. Awo ya kuma nuna alaƙarta da wani babban gungun hadari da ke ratsa tekun Indiya da Fasifik, alaƙar da har yanzu manhajoji ke kasa fitarwa.

Babban abin lura shi ne batun siyasa. Wasu na ba da shawarar a fesa sinadarin farar wuta a sitiratosfiya domin rage zafin rana. Gwaje-gwajen kwamfuta sun nuna cewa fesawa a saman ikwaita na iya tsawaita zagayen QBO, ko ta tsayar da shi gaba ɗaya idan adadin ya yi yawa. Da waɗannan manhajojin ne dai ake auna haɗarin shirin.

A 2023 ministocin muhalli na Afirka sun nemi a kulla yarjejeniyar hana amfani da wannan fasaha. A taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi a 2024, an janye ƙudurin da Suwizalan ta gabatar kan batun bayan an kasa cimma matsaya. Duk lokacin da aka sake ɗago maganar, wakilan Afirka na da hujjar tambayar wace manhaja aka yi amfani da ita, da kuma yadda ta yi a gwajin QBO.