Yadda Mahautan Lesta Suka Koma Suyar Dankali

Duk wanda ya zauna a Ingila ya san soyayyen dankalin nan na Walkers, wanda ake sayarwa cikin 'yan jakunkuna. Dankalin Turawa ne, a kan yanka shi siriri kamar takarda, a soya cikin mai har ya bushe ƙayau, sa'an nan a barbaɗa masa gishiri. Amma ba kowa ya sani ba, asalin masu kamfanin mahauta ne.

Wajen shekarar 1880 da 'yan kai wani mutum wai shi Henry Walker ya taso daga Mansfield ya zo birnin Lesta, ya kama kantin nama. Fawa ta karɓe shi, bayansa kuma iyalinsa suka ci gaba da ita.

Ana nan sai Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, abinci ya yi wuya. A 1940 Gwamnati ta ƙayyade naman da kowa zai saya a mako, ba a sayarwa sai da takarda. Yaƙi ya ƙare a 1945, amma dokar ba ta tashi ba. To, mahauci in babu nama, me zai sayar? Ga ma'aikata, ga wuƙaƙe, amma ciniki ya ja baya. Don haka a 1948 suka juya ga dankali. Da hannu ake yankawa a soya, a sayar da jaka guda taro, watau kwabo uku.

Ashe wani hani ga Allah baiwa ne. Ko da aka ɗage dokar nama a 1954, dankali ya riga ya kama kasuwa, har suka fito da sabon iri mai ɗanɗanon cuku da albasa. Daga baya kamfanin ya fita hannun iyalin Walker, a 1989 kuwa PepsiCo na Amurka ya saye shi. A 1995 Gary Lineker, shahararren ɗan ƙwallon nan haifaffen Lesta, ya fara yi musu talla a talabijin, sunansu ya ƙara bazuwa.

Har yau babbar masana'antarsu tana Lesta, inda ake cika miliyoyin jakunkuna kowace rana. In ka shiga kanti a Ingila ka ga jakar Walkers, ka tuna ƙarancin nama ne ya haife ta.