Ƙullutun Wuya a Hoton Sikanin: Gaskiya da Jita-jita

Mutane da yawa kan fito daga ɗakin sikanin hankali a tashe, don takarda ta nuna ƙullutu a jikin tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da in ta kumbura ake ce wa maƙoƙo. Kafin a ga likita, jita-jita ta riga ta yanke hukunci.

Wai kowane ƙullutu ciwon daji ne. Ba haka ba ne. In aka yi wa manya sikanin wuya, kusan rabinsu za a ga ƙullutu, musamman mata da dattawa. Kimanin 9 cikin 10 ba daji ba ne.

Wai girmansa ne ke nuna haɗari. Akwai ƙamshin gaskiya, amma siffa ta fi girma muhimmanci. Wanda ruwa zalla ya cika bai cika ba da tsoro ba. Wanda ake sa wa ido shi ne dunƙulalle, mai duhu a hoto, mai karkataccen baki, ko mai ɗigo-ɗigon fari a ciki. Da waɗannan alamu ake ba shi mataki, daga TR1 zuwa TR5, sannan a haɗa da girmansa a ga ko sai an ɗebo samfuri da allura don gwaji.

Wai allurar gwaji tana yaɗa cutar. Da wuya ƙwarai hakan ta faru. Siririyar allura ce, cikin 'yan mintoci an gama, kuma ta raba mutane da yawa da tiyatar da ba su bukata.

Wai gara a yanke a huta. A Koriya ta Kudu, yawaita sikanin ya sa adadin waɗanda aka gano suna da dajin tayirod ya ninka sau 15 daga 1993 zuwa 2011, amma yawan mace-macen bai sauya ba. Tiyata kuwa tana iya taɓa murya, ko ta bar mutum da shan magani har ƙarshen rayuwa.

Wai tunda ba ya ciwo, a share shi. Nan ne haɗarin yake. Dajin tayirod yawanci ba ya ciwo. Dusashewar murya da ta ƙi wucewa, wahalar haɗiya ko numfashi, saurin girma, ko kaluluwa a wuya, duk suna bukatar ganin likita da gaggawa.

In an ba ka irin wannan takarda, kada ka kai wuyanka ga wanzami. Koma wa likita, a yi gwajin jini na TSH don duba aikin tayirod, ka tambayi matakin ƙullutun, kuma kada ka saɓa ranar da aka sa maka ta sake dubawa.